Lissafi a Bayan Kwalin Magani

Ƙarfe biyun dare a Jidda.
Na'urar sanyaya ɗaki tana tarinta,
ni kuwa na kifa kwalin maganin hawan jini
na fara lissafi a bayansa da biro mai gardama.

Batulu tana Riyad, babban asibiti,
hawa na shida, ɓangaren ƙashi.
Tana da katin da take mannawa a ƙofa:
ƙit, ta shiga; ƙit, ta fita.
Awarta tana da kai, tana da wutsiya,
in ta zarce a rubuta, in an rubuta a biya.
Sai dai hayar makwancinta
tana lashe awa uku cikin kowace takwas.
Ta ce ita da mai gidan haya suke aikin,
shi dai ba ya sa fararen kaya.

Ihsan tana Ɗa'if, gidan tsofaffi,
can inda gajimare ke zama a kan dutse.
Tsofaffi goma sha ɗaya, hannu biyu.
In ka raba riyal ɗin awarta bisa kawunansu
kowane kai bai kai kuɗin shayi ba.
Ta ce iskar garin kyauta ce,
tana lissafa ta cikin albashi.

Sittana ba ta ƙetare Bahar Maliya ba.
Tana Gadarif, ɗakin shan magani mai rufin kwano,
inda fam ke narkewa tsakanin hantsi da la'asar
kamar ƙanƙara a tafin yaro.
Wata biyu ba ta ga ko sisi ba.
Wata tsohuwa ta kawo mata mudun riɗi,
sai ta kira ni: Awadiyya, rubuta,
awata ta jiya riɗi ce.

To, ni fa?
Ni a gida nake, gidan mutane.
Hajiya Muzna, tamanin da huɗu,
rabin jikinta ya riga ta tafiya.
Duk awa biyu in juya ta kada baya ya yi gyambo,
in shafa mai, in canza zani,
in murƙushe ƙwaya cikin cokalin zuma.
Albashina na wata ne, dunƙule guda kamar curin daddawa,
Inna a Mai Wurno ta san ranar fasa shi.
Na ɗauko zan raba bisa awoyi,
sai biro ya cije:
ina awar ta fara, ina ta ƙare?
Barci ma da kunne ɗaya a buɗe nake yinsa,
to nawa ne barcin, ko nasu?

Na raba da takwas, na zama 'yar gata.
Na raba da goma sha biyu, na zauna kusa da Ihsan.
Na raba da ashirin da huɗu,
sai ga Sittana tana dariya daga Gadarif
tana miƙo min riɗi.

Ɗan Hajiya ya ce ni 'yar gida ce.
Na gode.
'Yar gidan da ke gyara gado
ba ta cikin masu gado.

Amma akwai wata awa, daren Talata,
ta farka tana kirana Jawahir,
sunan 'yarta da ƙasa ta rufe tun da daɗewa.
Ta riƙe min yatsu har aka kira assalatu.
Na amsa sunan, ban gyara mata ba.
Waccan awar ban san layin da zan sa ta ba,
ba na ma so a biya ni ita.
Sauran ashirin da ukun nake magana.

Gobe Juma'a, in an sauko daga masallaci,
zan tari ɗan nata kafin ya shiga mota
in nuna masa kwalin nan gaba da baya:
gaba, abin da likita ya ce,
baya, abin da na ce.
Na bita maganar sau bakwai da Larabci
kada harshe ya yi min rowa a gabansa.

Agogo ya buga huɗu.
Na ajiye biro, na murza tafukana su yi ɗumi,
ba ta son hannu mai sanyi.
Bismillah, Hajiya,
mu koma ɓangaren dama.